Wasiƙar godiya ga Gidan Gwajin Bindiga na Birmingham

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Gidan Gwajin Bindiga da ke titin Banbury a birnin Birmingham, ƙasar Ingila.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ranar da bindigata ta dawo hannuna na aika muku da 'yar takarda da Turanci, layi uku kacal, ba ta ɗauke abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da harshen da na tashi da shi, na kuma sa ta a fili, don 'yan'uwana masu sha'awar harbi su san irin aikin da kuke yi da kuma dalilin da ya sa nake ganin girmanku.

Bindigar tsohuwa ce mai baki biyu, ƙirar nan Birmingham, mai guduma biyu a waje kamar kunnuwa, sai ka ɗana su da babban yatsa kafin ka ja kunama. Lamba 10 ce. Ga wanda bai saba ba, asalin wannan lamba shi ne: a raba dalma mai nauyin laba ɗaya gida goma, a mulmula kowane kashi, to faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar. Saboda haka lamba 10 ta fi lamba 12 da kowa ya sani faɗin baki. Nauyinta ya kai kilo 4. Bututunta irin wanda ake kira Damaskas ne, wato sandunan ƙarfe iri biyu da aka murɗe, aka naɗe, aka haɗa su a wuta da guduma, har zanen murɗin ya fito a jiki kamar saƙa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera yana kallon ana zuga zai tsaya ya daɗe a kan wannan bututu.

Hatimin gidanku ne ya gaya mini shekarunta. A ƙarƙashin bututun akwai tambarin sanduna biyu da aka gicciye, da rubutun da ke gargaɗin kada a harba dunƙulallen harsashi da ita. An yi amfani da wannan rubutu daga 1875 zuwa 1887 a kan bindigogin da aka matse bakinsu, don haka ta haura shekara 135 a duniya. Wanda ya buga hatimin ya daɗe da rasuwa, amma aikinsa yana nan yana magana.

Sai dai gwajin wancan zamani na baƙin albarushi ne. Ni kuwa ina son in harba ta da albarushin zamani marar hayaƙi, kuma a nan damuwa ta fara. Gurbin harsashinta gajere ne, inci 2 da 5/8, kusan milimita 67. Harsashin lamba 10 da ake samu a shago yau mai inci 3 da rabi ne, wanda aka fito da shi a Amurka a 1932 don bindigogi masu kauri da aka ƙera dominsa. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, tsawon da ake rubutawa a jikin kwali tsawon kwanso ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Ko harsashi mai inci 2 da 7/8, wanda ya ɗara gurbin tsawo kaɗan, zai shige gurbin bindigata lafiya lau, ta rufe ba gardama, amma idan ya tashi bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, sai ya shiga inda bututun ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya tsufa. Wani da muka haɗu a filin harbi ya ce mini ai nasa yake harbawa haka shekara da shekaru ba abin da ya faru. Wani kuma ya ce in bayar a zurfafa gurbin kawai. Na biyun bai gaya mini cewa zurfafawa rage ƙarfe ne daga wurin da ya fi ɗaukar wuta ba, kuma a dokar ƙasar nan bindigar da aka yi wa haka ta fita daga gwaji, sayar da ita laifi ne sai an sake gwada ta.

Ban bi shawarar ko ɗaya ba, kuma ina da dalili. Ina yaro a ƙauyenmu akwai wani abokin mahaifina, maharbi, muna ce masa Baba. Bindigar toka yake riƙewa, ƙirar maƙerin gari. Wata rana da kaka ya ɗura ta ya harbi zabin daji, bututun ya tsage daidai inda hannun hagunsa yake. Yatsu uku suka tafi. Ba na zargin maƙerin, gwani ne, ya yi iyakar abin da ido da kunne za su iya. Abin da babu shi ne wurin da za a fara harba bindigar ba tare da hannun mutum a jikinta ba. Hannun Baba shi ne ya zama wurin gwajin. Har yau idan na kama gaban bindiga da hannun hagu sai na tuna yadda yake riƙe ƙoƙon fura da yatsu biyu.

Wannan wurin da muka rasa, shi ne ku. Tun 1813 da majalisar dokokin Birtaniya ta kafa gidanku bisa roƙon maƙeran bindiga na birnin, aikinku ke nan, kuma a goshin ginin an rubuta cewa don kare lafiyar jama'a aka kafa shi. Ina faɗin wannan ina sane da cewa tarihin bindigar Birmingham ba fari ba ne tas. Daga wannan birni aka riƙa lodin bindigogi masu arha zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har ana musayarsu da bayi, kuma da yawansu sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai su. Sanin haka ya ƙara mini ganin darajar ofishin da aikinsa kawai shi ne ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, ko ta wane ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne karo na farko kun mayar da ita ba ku harba ba. Mai gyaran bindigar da ya kai muku ita a madadina ya dawo da bayanin cewa mai dubawarku ya ga 'yar lotsawa a bututun dama, kuma bututun ba ya zama daram a jikin mariƙinsa, yana ɗan motsi. Gaskiya ranar raina ya sosu, don na ƙosa. Da na kwana na tashi sai na gane alherin da aka yi mini. Da kun karɓi kuɗi kun harba ta a haka, da wataƙila ta kumbura ko ta tsage a ɗakin gwaji, in rasa ta gaba ɗaya, kuma ba wanda zai ce kun yi laifi. Kun zaɓi ku ba ta damar tsira. Mai gyara ya ɗaga lotsawar, ya matse mahaɗin, ya auna kaurin bangon bututun daga gindi zuwa baki, sannan ya sake kawo muku. Shi ma yana da nasa kason a wannan godiya.

Karo na biyu kuka harba kowane bututu da harsashin gwaji da ya fi na farauta ƙarfi, kuka sake duba ta ciki da waje, kuka buga mata sabon hatimi: kambi da haruffan BNP, shaidar cewa ta ci gwajin albarushi marar hayaƙi a Birmingham, kusa da tsoffin tambarin, da tsawon gurbin a rubuce don kada wani bayana ya yi kuskure. Na daɗe ina shafa wurin da yatsa.

Saura harsashi. Gajeren lamba 10 ya yi wuya a kasuwa, don haka da hannu nake haɗawa, in yanke kwanso daidai gurbin in naɗe bakinsa. A nan ma ban dogara da zato ba. Na aika samfuri ɗakin awonku, kuka dawo mini da takarda mai nuna matsi da gudun kowane ɗaya. Kashi ɗaya ya haura abin da nake so ga ƙarfe mai wannan shekaru, na warware shi duka. Wanda ya yi daidai shi nake bi har yanzu, ban ƙara ko ƙwaya ba.

Na fara da faifan yumɓu, waɗanda inji ke cillawa sama a harba, a ranar da filinmu ke ware wa masu tsofaffin bindigogi. Nauyinta da nake tsoro shi ya zama daɗinta. Da harsashi marar nauyi ba ta dukan kafaɗa, turawa kawai take yi a hankali, kuma in ka fara bin faifai da ita ba ta tsayawa a hanya, ita ke ɗaukarka ta wuce da kai. Dattawan wurin suka taru suna kallon zanen bututun, ɗayansu ya nemi ya harba biyu, ya fasa duka biyun. Daga baya na fita da ita kan agwagin ruwa. Tun 1999 doka a Ingila ta hana harbin agwagwa da dinya da ƙwayar dalma, ƙwayar ƙarfe kuma tana cin tsohon bututu irin wannan, sai na koma ga bismut, wani ma'adini mai laushi, duk da tsadarsa. Da asuba, a bakin fadama, na yi bisimilla na ɗana gudumar dama. Agwagwa biyu na kawo gida ranar, uwargida ta yi mana farfesu.

Na kuma gode da ranar da kuka ba mu izinin zagaya gidan tarihin da ke cikin ginin. Wanda ya zagaya da mu ya nuna mana tsohon ɗakin da ake jera bututu a ƙasa, a zuba albarushi layi ɗaya a bayansu, a rufe ƙofa a kunna daga waje, su tashi cikin tulin yashi. Ya nuna mana kuma waɗanda suka fashe, an adana su kamar yadda suka tsage. Na tsaya a gaban ɗaya na kasa magana, don tsagewar a daidai wurin hannun hagu take. Bai hanzarta ni ba, ya jira har na juyo.

Lokacin agwagwa zai sake buɗewa ranar 1 ga Satumba, in Allah ya kai mu da ita zan fita, kuma ɗana da ya fara bina fili zai tsaya a gefena ba tare da gabana yana faɗuwa ba. Allah ya saka muku da alheri, ya kare ku a wannan aiki mai haɗari, ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Naku mai godiya,
wani Bahaushe maharbi mazaunin Birmingham