Martani Ga Mai Cewa Yaran Tekwando Rawa Suke Yi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in mayar da martani ga bawan Allahn da ya yi rubutu a shafin wasanni kwanakin baya. Ya ce ya kai ɗansa ajin tekwando, ya yi wata uku yana zuwa kallo, bai ga faɗa ba sai rawa: wannan ya kai naushi uku, wancan ya ja da baya sau uku, kowa ya riga ya san abin da ɗan'uwansa zai yi, a ƙwala ihu, a watse. Ya ce gara ya miƙa yaron gidan dambe, inda in an ce kisa, to kisa ne.

Malam, ni tela ne a Zariya, kuma shekarata 19 ina wannan wasa. Da yamma in na rufe shago ina koya wa yaran unguwa. Abin da ka gani yana da suna. Mutanen Koriya suna ce masa yaksok matsogi, kuma yaksok a harshensu alkawari ne. Wato karawa ce da mutum biyu suka yi alkawarin yadda za ta gudana. Mai taku uku ana kiranta sambo matsogi, mai taku biyu ibo, mai taku ɗaya ilbo. Duk shekara in na faɗi sunan ta farko sai yaran sun fashe da dariya, don ba a rasa mai kawu Sambo a cikinsu. Waɗannan sunaye na ɓangaren ITF ne, ƙungiyar tekwando ta ƙasa da ƙasa da Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966. Ɓangaren Kukkiwon, cibiyar da aka buɗe a Seoul a 1972, suna da nasu sunayen, amma darasin kusan ɗaya ne. Shi Choi ya koyi karate a Japan, kuma can ma akwai irin wannan karawa ta taku uku da ta taku ɗaya.

Bari in faɗa maka abin da ya wuce ta gaban idonka. Kafin a kai naushi ko ɗaya, mai kai hari yana yin awo. Zai tako da ƙafar dama ya ajiye ta ta wajen ƙafar hagun abokinsa, ya ga ko in ya miƙe hannu zai isa ƙirjinsa. Ni da na taɓa lalata wa mutum shadda yadi goma saboda gaggawar yanka, ba na wasa da wannan wuri. In awon ya yi nisa, naushin iska zai daka, karewar ta zama banza. In ya yi kusa, su yi karo da gwiwa. Bayan awo sai ya mayar da ƙafar dama baya, ya sauke hannun hagu kamar mai kare mara, ya yi ihun da ake kira kihap. Ma'anar ihun: na shirya. Daga nan ba shi da ikon motsi sai mai karewa, wanda ke tsaye ƙafafu a jere, ya amsa da nasa ihun. Wanda ya kai hari kafin a amsa masa ya saɓa alkawari, kuma a wurina sai ya koma gefe ya zauna.

Sannan naushi uku a tsakiyar ƙirji, kowane da takunsa. Ƙafar mai hari ta sauka ta waje, ta biyu ta ciki, ta uku ta waje, don kada su tattake juna. Mai karewa yana ja da baya yana ture hannun da damtsensa, ba da tafi ba. Bayan ta uku ba zai ƙara ja ba, sai ya rama da naushi ɗaya. Nan ne wurin da nake zuba ido. Ramuwar za ta fito da cikakken ƙarfi, daga ƙugu, amma ta tsaya daf da rigar, tazarar da ba ta wuce yatsa biyu ba. Ka gwada, Malam. Sakin hannu kowa ya iya. Tsayar da shi a inda ka ga dama, alhali ka sake shi da iya ƙarfinka, wannan yakan ci wa yaro shekara.

Ta taku biyu takan haɗa hannu da ƙafa, naushi sannan shuri ko shuri sannan naushi. Ta taku ɗaya galibi sai ɗalibi ya yi nisa, domin hari ɗaya ne tak, babu wurin gudu, kuma shi zai zaɓi yadda zai kauce ya rama.

Amma ba zan ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba, don hancina shaida ne. Lokacin ina sabon shiga, abokin karawata aminina ne, yana jin tausayina. In ya kawo naushi sai ya karkatar da shi gefen kunnena, ni kuma in ɗaga hannu in ture abin da dama ba zai same ni ba. Malaminmu na wancan lokaci yana gani bai ce uffan ba. Na yi wata takwas ina jin kaina gwani. Ranar jarrabawar canza bel aka haɗa ni da wani baƙon yaro ɗan siriri, ya yi awo, ya yi ihu, na amsa, ya miƙo hannu sak inda aka ce ya miƙo. Hannuna ya tashi a makare. Farar rigata ta zama ja har ƙugu, aka toshe mini hanci da auduga, na koma gida mahaifiyata tana cewa ai ta faɗa. Yaron bai yi laifi ba, alkawarinsa ya cika. Aminina ne ya cuce ni da tausayi. To idan irin wannan ka gani a ajin ɗanka, naushi yana wucewa ta gefe, ihu ba rai, malami yana latsa waya, lallai rawa ka gani, kuma ka biya kuɗin rawa.

Na san abin da ke ranka shi ne na talabijin, irin wanda Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya lambar tagulla da shi a gasar Olympics ta Beijing a 2008, da wanda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Wannan karawa ce da ba a yin alkawari a cikinta, da sulke da hular kariya, kuma ban ce taku uku kaɗai zai kai yaro can ba. Wasu masu horar da 'yan gasa ma ba sa ɓata lokaci a kai sosai. Sai dai ni ba na sakin yara biyu 'yan shekara tara su yi ta shurin juna alhali ba su san tsawon ƙafarsu ba. Dambe kuwa ina girmama shi, ina zuwa kallo, amma ɗan damben da aka ɗaure wa hannu ya shiga fage ba ranar ya fara ba.

Ga roƙona gare ka. Kafin ka cire yaron, ka je aji ka tsaya ta bayan mai karewa, ba ta gefe ba. Ka dubi inda dunƙulen mai hari yake nufa. In mai karewa bai ɗaga hannu ba, zai same shi ko ba zai same shi ba? In zai same shi, ka bar ɗanka. In ba zai same shi ba, ka yi wa malamin magana, in ya ƙi ji ka nemi wani aji.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tela mai koyar da tekwando,
Zariya.