Sanarwa kan neman ma'anar haruffan Sinanci

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hotunan haruffa da ake turowa ana tambayar ma'anarsu sun yi yawa a rukunin nan, alhali amsar tana cikin wayar kowa.

Ku sauke manhajar ƙamus ta Pleco, kyauta ce. In kun ci karo da harafin da ba ku san karatunsa ba, ku zana shi da yatsa, za ta kawo muku pinyin (wato lafazinsa da haruffan boko) da ma'ana da kalmomin da yake shiga ciki. Masu kwamfuta kuma ga shafin ƙamus na MDBG.

Sai dai don Allah kada a tsaya kan ma'ana kawai, a riƙa duba sassan harafin. Ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya kasa haruffa ƙarƙashin tushe 214, wato ƙananan sassan da ke maimaituwa a cikin haruffa da yawa, kuma har yau ana aiki da tsarin. Ɗigon nan uku na hagu, 氵, alamar ruwa ne, shi ya sa suke cikin 河 kogi, da 海 teku, da 洗 wanki. Ɗaya ɓangaren kuwa sau da yawa sauti yake nunawa, kamar 马 a cikin 妈, dukansu "ma" ake karanta su. Wanda ya gane wannan, hadda ta yi masa sauƙi.

Ku lura da saiti: babban yankin Sin da Singapo suna rubuta sauƙaƙan haruffa, Taiwan da Hong Kong na gargajiya. Masu shirin HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, su zaɓi sauƙaƙan.

Haska kyamarar Google Translate kan rubutu kuwa, a ganina, na fita kunya ne a kasuwa, ba ya zaunar da harafi a ka.

Wanda ya nema ya rasa, ya turo mu duba tare.