Marubutanmu su daina haukata mugu a shafin ƙarshe

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da littattafanmu na Hausa, musamman irin waɗanda ake kashe wani ko a sace wani tun a farkon labari, sannan a bar mai karatu yana ta saƙe-saƙen waye ya aikata.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 11 ina aiki, kuma duk wanda ya taɓa aikin dare a asibiti ya san akwai wani lokaci tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 da ɗakin marasa lafiya yake yin tsit, an gama ba da magani, masu jinya sun shimfiɗa tabarminsu a baranda sun kwanta, ba abinda kake ji sai ƙugin fanka in akwai wuta, mu kuma babu halin mu runtsa. To a wannan lokacin nake karatu a waya, in yi shafi biyu in tashi in zaga in duba ƙarin ruwa in dawo. Watan da ya wuce na gama wani littafi da na saya a wani gurup na WhatsApp, kashi huɗu ne, wata biyu cur ina bin sa. Ba zan faɗi sunansa ba don ba tozarta kowa na zo yi ba. Labarin wani attajiri ne da aka wayi gari aka tarar da gawarsa a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, mukulli a jikin ƙofar. Matansa uku, ga babban ɗansa da bashi ya yi wa katutu, ga direba da aka kora kwana biyu kafin abin ya faru, ga wani ƙaninsa da suke shari'ar gona. Wallahi Malam Edita sai da na ware bayan littafin da nake rubuta rahoton aiki na jera sunayen mutum shida, duk wanda aka faɗi inda yake a daren sai in rubuta, in na ga maganar wani ta ci karo da ta jiya in ja layi a ƙasa. Har musu muka yi da abokiyar aikina, ita ta kafe a kan direba ni na kafe a kan ƙanin.

Ranar da aka saki shafin ƙarshe hannuna har rawa yake. Sai kawai ga uwargida ta fito tsakar gida ba ɗankwali tana yaga kayan jikinta tana ihu ni ce na kashe shi, boka ne ya ba ni aljani ya shiga ta ƙasan ƙofa. Shikenan. Tun daga shafin farko har zuwa nan ba a taɓa ambaton boka ba ko sau ɗaya, ba a taɓa nuna matar ta fita unguwar da ba a san inda ta je ba, ba laya ba turare ba komai. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon takardar nan tawa mai sunaye shida, raina ya ɓaci sosai, irin ɓacin ran wanda ya yi adashe wata biyu ranar kwasarsa aka ce uwar adashe ta yi tafiya.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. In mugu bai haukace ba to zai yi hatsarin mota ya kira kowa da kowa bakin gadonsa ya zayyane duk abinda ya yi sannan ya cika, ko kuma wata tsohuwa da ba a taɓa ganinta ba ta faɗo daga ƙauye da sirrin shekara 20, ko jaruma ta yi mafarki. Ni a ganina irin wannan labarin alkawari ne tsakanin mai rubutu da mai karatu. Kin ce min ga gawa ga mutane, nemo wanda ya yi. To dole duk abinda zan buƙata ya kasance kin ajiye shi a hanya, ki ɓoye shi yadda kike so, ki binne shi a cikin hirar kicin ko a cikin faɗan kishiyoyi, amma ya kasance yana nan, ta yadda in kin tona a ƙarshe zan dafe kai in ce kash, ai na gani na wuce. Wannan kash ɗin shi muke biyan kuɗi mu saya.

Kar a ce ina ƙin a sa asiri ko aljanu a labari, sam. Abu ne da mutanenmu suke magana a kai kullum, kuma tun littattafan farko da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 akwai shi. Ku duba Jiki Magayi, ai asiri ne ƙashin bayan labarin, amma tun da wuri an nuna mana wanda aka raba da masoyiyarsa ya bazama neman abinda zai lalata ɗan da za ta haifa, mun san me ya nema, mun san don me, saboda haka duk abinda yaron ya zama daga baya muna kallo ne gabanmu na faɗuwa don mun riga mun san tushensa. Ba a ɓoye mana komai ba amma ba ka iya ajiye littafin. Abinda nake kuka da shi shine a ɗauko aljani a shafin ƙarshe don marubuci ya kulle ƙofa ya rasa yadda zai buɗe.

Ni a akwatin yayana na fara wannan karatun, yana da tarin littattafan James Hadley Chase waɗanda bangonsu duk ya yage, yana ɓoye su ƙarƙashin katifa saboda hotunan da ke jiki Baba ba zai lamunta ba. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba amma haka nake kutsawa. Sai daga baya na san mutumin Bature ne ɗan Ingila, bai taɓa zama a Amurka ba duk da yawancin labaransa can suke faruwa, da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya riƙa aiki. Mutum ya sha wannan wahalar don ya rubuta garin da ba nasa ba, mu kuma marubucinmu yana zaune a Kano ko Kaduna ko Gusau, ofishin 'yan sanda yana bayan layinsu, asibiti yana bakin titi, amma ba zai taka ya tambaya ba. Kuma ba wai ba mu da magabata a wannan fagen ba ne, a 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina wanda ya taɓo harkar fasa-ƙwauri, duk wanda ya karanta su ya san an taɓa rubuta labarin masu laifi da Hausa wanda zai hana ka barci.

Bari in taɓo ɓangaren da ya shafi aikina don nan ne abin ya fi yi min ciwo. Sau nawa za mu karanta saurayi an hana shi budurwa sai ya dafe ƙirji ya faɗi yana aman jini, likita ya fito ya cire tabarau ya ce zuciyarsa ta kumbura, in ba a ba shi abinda yake so ba za a rasa shi? Mu da muke karɓar masu aman jini mun san a mafi yawan lokuta gyambon ciki ne ko ciwon hanta, mai tari da jini kuma tarin fuka muke fara zargi. Sau nawa za a buge mutum a kai ya manta kowa, bayan shekara biyar a sake buge shi a wurin ya tuna komai? Ko wadda ta yi shekara uku a sume ta farka yau ta sauko daga gado da ƙafarta ta tafi ɗaurin auren mijinta, alhali wanda ya yi wata ɗaya kacal a kwance sai an koya masa tsayuwa, ga gyambon kwanciya da muke fama da shi kullum muna juya marasa lafiya. Sai kuma guba. A littafi ana zuba fiya-fiya a abinci mutum ya cinye tas bai ji komai ba ya kwanta ya mutu salin alin kamar mai barci. Duk wanda ya taɓa ganin wanda aka kawo ya sha wannan abin ba zai rubuta haka ba, warinsa tun daga ƙofa za ka ji, ga dalalar miyau, ga gumi, ga ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, ga numfashi yana sarƙewa. Abin tausayi ne matuƙa, ba abin da za a wuce a layi ɗaya ba ne. Kuma ina jin tsoron yara mata da ke karanta irin wannan su ɗauka abu ne mai sauƙi.

Agatha Christie da duniya ke ji da ita a wannan fanni a ɗakin haɗa magani na asibiti ta yi aiki lokacin yaƙin duniya na farko, can ta san guba ciki da bai, littafinta na farko da ya fito a 1920 ma a kan kisa da guba ne. Akwai wani littafinta na 1961 da ta siffanta alamomin gubar taliyom, har da zubewar gashi, daidai yadda suke, har ta kai a shekarun 1970 wata nas a Landan da ke karanta littafin ta gane irin alamomin a jikin wata jaririya da aka kawo daga Ƙatar likitoci sun rasa gane ciwonta, aka gwada aka tabbatar, yarinyar ta rayu. Duk lokacin da na tuna wannan labarin sai tsigar jikina ta tashi, don ni ma nas ce mai karatu a bakin aiki.

Don kar in zama mai ganin baƙi kawai, akwai wata marubuciya da ta biya ni. A nata labarin tun wajen shafi na 10 an nuna ana shirin biki, an je gwajin jini, ango yana tsokanar amarya cewa shi AA ne ba ruwansa, aka yi dariya aka wuce. Can bayan shekaru a labarin yaron gidan yana ta ciwon ƙashi ana kwana asibiti, aka ce sikila ne, SS. Ni da nake wannan aikin ma ban haɗa ba, hankalina yana kan makircin dangin miji, sai da aka zo ƙarshe aka gano an musanya jaririn ne ranar haihuwa, na koma baya da sauri na nemo shafin nan na ga maganar tana nan zaune tana jirana. Kuma ta yi adalci, ta sa likitan cikin labarin ya ce a sake gwajin a wani wuri tukuna don ana samun kuskure a sakamako, wanda gaskiya ne, mun sha gani, kar wani ya karanta ya je ya rushe gidansa a kan takarda ɗaya. Na yi kuka a ƙarshen littafin nan, kukan uwar da ta shayar da ɗa shekara da shekaru aka ce ba nata ba ne kuma ta ce ba mai raba ta da shi. Ba aljani ba boka, kuma abin ya zauna daram.

Abinda ke ba ni takaici shine kayan aikin suna nan zube a gabanmu. Mu nan mutum ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba kasafai dangi ke yarda a yi binciken gawa ba, za a ce a bar wa Allah. To wa ya ga jikin mamaci na ƙarshe? Mai wanka. Dattijuwar da ta shekara 30 tana wankan gawar mata a unguwa, ta ga wani tabo a wuyan wata amarya, ga amanar da ke kanta ta rufa asirin mamaci ga kuma abinda idonta ya gani, ta faɗa ko ta yi shiru? Wallahi in aka rubuta wannan da kyau ba zan yi barci ba sai na gama. A ƙauyen kakata ina yarinya an taɓa haura wani gida aka kwashe awaki, da asuba na ga an kifa ƙwarya a kan sawun ɓarawon don kar iska ko kaji su ɓata shi kafin mai bin sawu ya iso, ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallo sannan ya ce mutumin yana ɗingisa ƙafar hagu. Ga mai shayin bakin layi da ya san wanda ya dawo gida ƙarfe ɗaya na dare, ga dillaliya da ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye, ga mai POS, ga mai cajin waya, ga ɗan adaidaita sahu da ya san inda ya sauke kowa. Amma sai a tsallake duk waɗannan a kawo mana wani jami'i mai baƙin gilashi da ya yi karatu a ƙasar waje, yana danna kwamfuta sau biyu ya gano komai.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ban raina shi ba. Mai rubutu a waya kullum ana binta da ina ci gaba, ina ci gaba, in ta yi kwana biyu shiru a fara zagi, ga girki ga yara ga kuɗin data, ga masu kwafe littafin su raba kyauta tun ba ta mayar da wahalarta ba. Da yawa suna fara labari ba su san ƙarshensa ba. Roƙona ga 'yan uwana marubuta shine in labarin kisa ne ko sata, ki fara sanin waye ya yi, yaya ya yi, don me, ki rubuta ki ajiye tun kafin ki saki shafin farko. In akwai asibiti a ciki ki nemi nas ko likita, in akwai kotu ki nemi lauya ko magatakarda, ba wanda zai ƙi amsa miki.

Kai kuma Malam Edita, don Allah ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako inda masu karatu za su riƙa rubuto ra'ayinsu a kan littattafan da suka karanta, a yaba inda aka yi daidai a faɗi inda aka kauce, da suna da hujja ba da zagi ba, don a gurup in ka yi gyara sai masoyan marubuciya su yi maka ca a ce hassada ce, wani lokacin ma a cire ka. In kun buɗe ni ce ta farko da za ta aiko. Ita kuma mai littafin attajirin nan na tura mata saƙo ta bayan fage cikin ladabi na tambaye ta, tunda aljani ne ya shiga ta ƙasan ƙofa, me ya sa aka ɓata shafi 30 ana binciken wanda ya yanko mukulli na biyu a kasuwa? Ta karanta, har yau ina jiran amsa.

Wassalam. Taku mai karanta jaridarku kullum, daga Zariya.