Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Tinubu: Wane Ne Mai Hali?

Mai girma Shugaban Ƙasa, ranka ya daɗe.

Da ka sanya hannu kan dokokin haraji a watan Yunin 2025, an ce mana talaka zai sarara, mai hali kuma ya biya daidai ƙarfinsa. Mun yi murna. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne inda aka ja layin mai hali.

Dokar ta yafe haraji kan Naira 800,000 ta farko a shekara. Raba ta gida 12, ranka ya daɗe: ba ta kai 67,000 a wata ba, ko mafi ƙarancin albashi na 70,000 ba ta cim ma ba. Daga nan sai kashi 15 cikin 100. Malamin makarantar da ke karɓar 150,000 a wata, idan ba a cire masa komai ba, harajinsa na shekara albashin wata guda ne cur. Wanda kuɗinsa suka haura miliyan 50 kuwa, kashi 25 ne iyakarsa. Ashe tsakanin mai tsohon babur a Mabera da mai jerin gidaje a Maitama kashi 10 ne kacal. Madalla da wannan adalci!

Na san za a ce wasu sun samu ragi. To, wa ya rage farashin fetur, wanda a hukumance bai kai Naira 200 kan lita ba kafin 29 ga Mayun 2023? Mu nan Sakkwato, wanda kuke kira matsakaici mai rufin asiri ne kawai. Albashinsa ɗaya, bakuna goma sha: iyaye, marayun ɗan'uwa, da dangin da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni ko Isa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta, a 2022, ta ce kusan kashi 91 na mutanen jihar nan suna cikin talauci. Wa kake jin yake ɗauke da su?

Har da rangwamen haya a dokar, wato a yafe haraji kan kashi 20 na kuɗin hayar da mutum ya biya. Wanda ke zaune a gidan gado fa, da wace rasit zai je?

Ga zakka nan, ba yau aka fara ta ba. Ba ta hawa kan mai dukiya sai ta kai nisabi, ta kuma shekara a hannunsa. Nisabin na bin farashin zinare, yana tashi idan ya tashi. Taku 800,000 an dasa ta wuri guda, Naira na narkewa.

Don Allah a mayar da dokar majalisa. A ɗaga kuɗin da aka yafe wa haraji, a ɗaure shi da hauhawar farashi, a kuma yi la'akari da yawan waɗanda mutum ke ciyarwa. Maganar wutar lantarki da kuɗin makaranta sai wani jiƙon.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.