Laccar Sa'a Biyu ta Waya Ba Ta Dace da Halin Ɗalibanmu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da malaman jami'o'inmu na Sudan a kan yadda suke koyarwa ta intanet.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban babban birnin suka watse, na Wad Madani kuma suka biyo bayansu a watan Disamba. 'Yata tana cikin waɗanda suka dawo gida Gadarif, kuma da jami'arsu ta ci gaba da karatu, a wayar hannu aka ci gaba da shi. A tsakar gidana ake zaman ajin, don haka abin da idona ya gani nake faɗa.

Akwai malamin da yake buɗe Zoom ya yi ta bayani har sa'a biyu kamar yana zauren lacca, ba ya naɗar darasin, sannan ya rubuta wanda bai shigo ba a matsayin mai fashi. Alhali sabis, wanda a nan muke ce wa shabaka, yana yankewa babu sallama, wuta tana ɗaukewa, kuɗin data kuma daga kuɗin cefane ake cire shi. Wanda ya ga yadda layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu a watan Fabrairun 2024 bai kamata ya rataya makomar ɗalibi a kan shiga aji a ƙayyadadden lokaci ba.

Akwai kuma wata malama, Allah ya saka mata da alheri, wadda ta fahimci halin da ake ciki. Takan naɗi muryarta na minti goma sha biyar a kan mas'ala ɗaya tak, ta tura ta Telegram tare da taƙaitaccen rubutu marar nauyi, ta rufe da tambaya guda wadda za a amsa cikin kwana uku. 'Yata takan sauke darasin da tsakar dare lokacin da sabis yake da ƙarfi, ta saurare shi sau uku ko huɗu, washegari ta tura wa ƙawayenta biyu na unguwa ta Bluetooth, su zauna su yi muraja'a tare. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar Alhamis, domin a ranar ce malamar take bin amsoshin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna wa kowa inda ya kuskure da dalilin kuskuren. A darasinta kaɗai nake jin yarinyar tana gardamar ilimi da 'yan ajinsu.

Roƙona ga shugabannin tsangayoyi shi ne su wajabta naɗar kowace lacca, su daina auna halarta da shiga kai tsaye, su kuma sa wa kowane malami ranar amsa tambayoyi a mako. Darussan ɗakin gwaji da na asibiti kuwa, a shirya musu zama na ido da ido a garuruwan da suka fi samun kwanciyar hankali irin Kassala da Port Sudan.

Wassalam,
Wani mahaifi, daga Gadarif