A Tambaya: Wa Hukuncin Yake Tsoratarwa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari muhawarar da kuka yi kan satar babura da fashi, inda yawancin masu bugo waya suka ce a tsananta hukunci, wasu ma suka ce a riƙa kashewa kawai. Na san abin da ke cin ransu. Ɗan kalando, wato mai haya da babur, da ya ci bashi ya sayi babur, aka tare shi da wuƙa bayan isha'i aka ƙwace, ba irin haƙurin da za ka ba shi ya ji. Sai dai ban ji wanda ya tambayi wa hukuncin yake tsoratarwa ba.

Galibin mutanen Marwa ba sa sata, kuma ba tsoron jandarma ne ya hana su ba. Tarbiyya ce da tsoron Allah da kunyar idon jama'a. A ƙara wa hukuncin ɓarawo shekara goma ko a rage, su dai suna nan yadda suke. Akwai kuma wanda ya riga ya sallama ransa. A Disamba 2014 Kamaru ta kafa dokar yaƙi da ta'addanci mai ɗauke da hukuncin kisa, amma a Yuli 2015 bama-bamai suka tashi a tsakiyar garin nan. Chadi ta harbe 'yan Boko Haram goma a Agusta 2015, amma a Oktoba aka kai hari garin Baga Sola na ƙasar. Wanda ya ɗaura bam a ƙugunsa, da me za ka razana shi?

Wanda ya kamata mu sa wa ido shi ne yaron da zuciyarsa ta karkata ga ɓarna amma bai daina lissafi ba. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan masana sun bi rayuwar mutum kusan dubu da aka haifa a 1972 da 1973. Wani bincike da aka fitar a kansu a 2004 ya nuna cewa tsoron kamu ya fi tasiri a kan masu saurin faɗawa laifi. Ke nan irin wannan yaro yana jin tsoro, matuƙar ya tabbata za a kama shi.

To me yake gani a unguwa? Ba ya karanta kundin doka, bai san shekara nawa aka rubuta wa ɓarawon babur ba. Abokinsa yake kallo, wanda aka kama ranar Litinin, ranar Juma'a ga shi a teburin mai shayi yana ba da labari ana dariya, don wani kawu ya sa baki ko an miƙa 'yan jakunkuna. Wallahi wannan ya fi kowace doka shiga kansa. In kuma ya haɗiyi tramol kafin ya fita, ɗan lissafin da ya rage ma ya tafi, ga masu sayar da ƙwayar a bakin titi kowa ya san su. Wanda tsautsayi ya faɗa wa ba shi da kawu, sai a jefa shi ɗaki ɗaya da tsofaffin zargina, wato 'yan fashin hanya, ya yi watanni yana jiran shari'a, ya fito ya ƙware.

Roƙona gare ku, ku gayyato mai gabatar da ƙara da wani babban jami'in tsaro cikin shirin nan. Ku tambaye su: cikin ƙorafin satar babur da aka kai bara, nawa ne aka kama mai laifi, nawa suka kai gaban alƙali, sauran kuma ina suka maƙale?

Naku mai sauraro,
daga unguwar Domayo, Marwa