Tankunan mai a kan ƙasar da ke narkewa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi tsokaci kan malalar mai a yankin Aktik mai ƙanƙara, can ƙuryar arewacin duniya, domin an saba ɗora wa ɗumamar yanayi laifin baki ɗaya, a bar masu sakaci suna yawonsu.

A ranar 29 ga Mayu, 2020, tanki mai lamba 5 na wata tashar wutar lantarki a Norilsk, arewacin Rasha, ya fashe, dizal kimanin tan 21,000 ya kwarara. Mafi yawansa ya bi kogin Daldikan ya faɗa Ambarnaya, ruwa ya koma ja wur. A 2021 kotu ta ci reshen kamfanin Nornickel, mai tashar, tarar rubul (kuɗin Rasha) biliyan 146.

A yankin, ƙasa daskararriya ce shekara da shekaru, 'yan mitocin sama kaɗai ke narkewa da bazara. Don haka ba a ɗora tanki a kanta kai tsaye, sai a kafa ginshiƙan kankare a zaunar da shi a kai. Ginshiƙin da ya kai ga dutsen ƙasa, narkewa ba ta dame shi ba. Wanda ya tsaya a rabin hanya kuwa, ƙanƙara ce ke riƙe da shi, ranar da ta saki sai ya nutse. Nauyin ya koma kan maƙwabtansa, su karye ɗaya bayan ɗaya, gindin tankin ya tsage daga bangonsa. Binciken Norilsk ya nuna wasu ginshiƙan ba su kai dutse ba tun ginin farko a 1985, kuma katangar da ta kewaye tankin ba ta iya tare man ba. Zafi ya tona asiri, amma aikin tun asali ha'inci ne.

Maganin ba sabo ba ne. Bututun man Alaska mai tsawon kusan kilomita 1,300, wanda ya fara aiki a 1977, an sa wa ginshiƙansa rufaffun bututai masu ɗauke da ruwan sinadarin amoniya. Da hunturu ruwan ya tafasa a ƙasa, tururin ya hau, ya huce a sama, ya sauko, haka yake ta zuƙe zafin ƙasa ba tare da inji ba. Sai dai da bazara ba sa aiki, kuma in hunturu ya gajarta, sanyin da suka tara ba zai kai su baɗi ba. Shi ya sa dole a binne ma'aunan zafi a zurfi daban-daban, a riƙa auna tsayin tushen tanki aƙalla sau biyu a shekara, musamman ƙarshen bazara lokacin da narkewa ta kai maƙura. Katangar kariya kuma ta iya ɗaukar kashi 110 cikin 100 na man da tanki mafi girma ke ɗauka, da shimfiɗar da mai ba ya ratsawa, a riƙa kwashe ruwan ƙanƙarar da ke cika ta.

In mai ya riga ya tsere, aiki ya ɓaci. Babu hanyar mota, shingen roba da ake shimfiɗawa a kan kogi ba ya tare abin da ya narke cikin ruwa ko ya bi ƙarƙashin ƙanƙara, ƙwayoyin halittar da ke cinye mai kuma sanyi na kashe musu jiki. Masunta da makiyayan barewar gida, irin su ƙabilun Dolgan da Nenets, su ke kwana a ciki.

Don Allah in za ku kawo irin wannan labari, ku tambaya: yaushe aka gina tankin, kuma yaushe aka duba ginshiƙansa na ƙarshe?

Na gode.
Wani mai karatu, Kaduna